Ɓarawo Ya Ƙetare Iyaka, Mai Kaya Yana Tsaye A Bakin Shinge

Tun bayan da sojoji suka sake karɓe garin Wad Madani ranar 11 ga Janairun 2025, jama'a suka fara komawa ƙauyukansu a Jazira da Sinnar, akwai tambayoyi biyu da ba su daina zuwa mana ba daga masu sauraro. Ta farko daga manoma da 'yan kasuwa take, waɗanda suka koma suka tarar babu tarakta, babu mota, babu injin ban ruwa, kuma ake ce musu kayan sun bar ƙasar. Suna tambaya ko akwai hukumar da za ta iya bin sawun kayan har Cadi ko Sudan ta Kudu. Ta biyu kuwa daga iyaye take, waɗanda ake tsare 'ya'yansu a shingen bincike saboda ba su da lambar ƙasa, wato raƙam waɗani. Da muka bi diddigi sai muka ga duka biyun suna komawa ga abu guda: dokokin haɗin kan 'yan sanda da na hukunta laifi, da kuma wanda yake zaunawa ya tattauna su kafin su hau kan talaka.

Yarjejeniyoyi suna nan a rubuce

Kada wani ya zaci Sudan ba ta da hanyar neman mai laifi a waje. Ƙasar tana cikin Interpol, hukumar 'yan sandan duniya mai hedikwata a Liyon ta Faransa, tun shekarar 1956 da aka sami 'yancin kai. Tana cikin yarjejeniyar Riyad ta 1983, wadda ƙasashen Larabawa suka ƙulla domin taimakon juna a harkar shari'a da miƙa masu laifi. Tana kuma cikin ƙungiyar shugabannin 'yan sandan Gabashin Afirka da aka kafa a Kampala a 1998. A shekarar 2010 ta kafa rundunar haɗin gwiwa da Cadi domin tsaron iyaka.

Amma ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake aiki. Interpol ba ta da ɗan sanda ko ɗaya da zai je ya kama mutum. Aikinta ajiye bayanai da isar da saƙo. Idan an sace mota, sai mai ita ya kai ƙara, 'yan sandan ƙasarsa su shigar da lambar jikin motar cikin rumbun bayanan hukumar, sannan a jira ranar da wani jami'i a wata ƙasa zai duba. Idan an gano ta, sai kotun can ta yarda kafin a sake ta. Manomin da takardun taraktarsa suka ƙone tare da ɗakinsa, ko wanda ya saye ta hannu da hannu a kasuwa ba a canza suna ba, tun a matakin farko ya faɗi. Shanu da awaki da buhunan dawa kuwa ba su da lambar jiki balle a shigar da su kwamfuta.

Lokacin da akwai majalisa

Idan ba a manta ba, a farkon shekarar 2014 Majalisar Ƙasa da ke zama a Umdurman ta zartar da dokar yaƙi da safarar mutane. Dokar ta tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 10, idan laifin ya yi muni kuma shekara 5 zuwa 20, ko ma hukuncin kisa. Abin da ya jawo ta shi ne sace 'yan gudun hijirar Eritiriya da ake yi a yankin Kasala ana sayar da su ga masu neman kuɗin fansa. A Nuwamban wannan shekarar ne ƙasashen Turai da na Gabashin Afirka suka ƙulla shirin da ake kira Tsarin Khartum domin rage kwararar baƙin haure, har daga baya aka buɗe wata cibiyar musayar bayanan 'yan sanda a Khartum da kuɗin Tarayyar Turai.

Shekara uku bayan haka, a Janairun 2017, majalisar ta zartar da dokar Dakarun Ɗaukin Gaggawa, wato Da'am Sari', wadda ta ba su matsayi a cikin dokar ƙasa. Ɗaya daga cikin ayyukan da shugabansu Muhammad Hamdan Dagalo yake tinƙaho da su a lokacin shi ne tsare iyakar Libiya da kama baƙin haure. Waɗannan dakarun ne suka shiga Wad Madani a Disambar 2023, suka kama Sinja a tsakiyar 2024. Duk wanda yake ganin muhawarar majalisa a kan dokar tsaro hira ce ta 'yan boko, to ya dubi abin da wannan doka ta haifar a ƙofar gidansa.

Duk da raunin waccan majalisa, wadda jam'iyya mai mulki ta mamaye, an ga ranar da ta taɓuka. Da Umar al-Bashir ya kafa dokar ta-ɓaci ta shekara guda a Fabrairun 2019, 'yan majalisa sun rage ta zuwa wata shida a cikin watan Maris. Wata guda bayan haka, ranar 11 ga Afrilu, aka hamɓarar da shi aka rushe majalisar.

Takardar tsarin mulki ta Agustan 2019 ta ce za a kafa majalisar dokoki ta riƙon ƙwarya mai wakilan da ba za su wuce 300 ba, cikin kwana 90. Ba a kafa ta ba. Sai ya zama Majalisar Ƙoli da majalisar ministoci ne suke haɗuwa su yi doka. Ta wannan hanya aka yi wa dokar laifuffuka ta 1991 babban gyara a Yulin 2020, inda aka soke hukuncin ridda aka kuma haramta kaciyar mata, haka nan gyaran dokar safarar mutane na 2021. Ko mutum ya yarda da gyaran ko bai yarda ba, babu wakilin Mai Wurno ko na Rusairis ko na kambon Jazira da ya miƙe ya tofa albarkacin bakinsa. Juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 ya zo, yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, aka naɗa Kamil Idris Firayim Minista a Mayun 2025, shekarar ta ƙare ba a ga majalisa ba.

Maganar takarda

Me ya sa wannan ya fi damun Bahaushe? Domin mu mutanen hanya ne tun asali. Kakanninmu sun biyo hanyar Hajji, wasu kuma sun zo tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman Jazira, hannunsu yana cikin waɗanda suka tsinci auduga suka share magudanan ruwa.

Amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta sa sharaɗin cewa sai kakannin mutum suna zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897, shekara shida kafin yaƙin Burmi. Dokar 1994 ta dawo da wa'adin zuwa 1 ga Janairun 1956, wanda ya shigar da yawancin gidajenmu. To amma doka daban, ma'aikacin da ke bayan tebur daban. Har bayan da aka fara bayar da lambar ƙasa a 2011, an sha jin koke daga Hausawa da Fulani da Barebari cewa ana neman su kawo shaidu da takardun da ba a neman wasu su kawo. Mutanen kambo, waɗanda ba su da hawasha balle takardar fili, su ne suka fi jigata.

A lokacin zaman lafiya rashin takarda yana hana yaro jarrabawa ko fasfo. A lokacin yaƙi yana iya kai shi gidan yari. A 2024 an yi ta samun rahotannin kama mutane a wasu jihohi saboda kamanninsu ko asalinsu, abin da jama'a suka laƙaba wa suna dokar baƙuwar fuska. Saboda haka duk lokacin da aka ce za a ƙara shinge a ƙara musayar sunaye da maƙwabta, ɗan cirani da almajiri da mai tallan agashe su ne ragar take fara kamawa, shi kuwa wanda ya kora motoci goma yana da kuɗi da bindigar da za su buɗe masa hanya.

Shari'ar cikin gida

Hausawa suna cewa daga na gaba ake gane zurfin ruwa. Kafin a yi maganar kamo wanda ya gudu waje, sai a duba yadda aka yi da wanda bai je ko'ina ba. A Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu a kan batun sarauta da ƙasa, ya sake tashi a Oktoba a yankin Wad al-Mahi. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna an rasa fiye da rayuka 350, kusan mutum 97,000 sun bar gidajensu. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman tare a Damazin a gaban Janar Abdul Fattah al-Burhan. Sulhu alheri ne, amma wata uku bayan nan babban yaƙi ya danne maganar, iyalan mamata na kowane ɓangare suka ci gaba da jiran ranar kotu.

Haka kuma a Janairun 2025 an kai hari Kambo Ɗayba a Jazira, inda ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce an kashe aƙalla mutum 26, ta kuma ɗora alhakin a kan dakarun Dir'u Sudan da ke yaƙi tare da sojoji. Wasu suna tambayarmu ko kotun duniya da ke Heg za ta shiga, musamman da suka ji ta sami Ali Kushaib da laifi a Oktoban 2025. Amsar ita ce, ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1593 na shekarar 2005 Darfur kawai ya miƙa wa kotun. Jazira da Sinnar da Shuɗin Nilu ba sa ciki, ko da yake kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da shawara a 2024 a faɗaɗa hurumin ya game ƙasar duka. Ke nan abin dogaron mutanenmu shi ne ɗan sanda da mai gabatar da ƙara da alƙalin cikin gida.

Abin da ya kamata a tambaya

A 2024 ofishin babban mai gabatar da ƙara ya ce zai nemi taimakon Interpol wajen kamo tsohon Firayim Minista Abdalla Hamdok da wasu 'yan siyasa, alhali tsarin hukumar ya hana ta shiga lamarin siyasa. Da akwai majalisa, da wani ya tashi ya tambayi ministan cikin gida sunaye nawa aka aika na 'yan siyasa, nawa kuma na masu safarar kayan sata.

Duk ranar da aka kafa majalisa, muna ganin akwai abubuwan da wakilan yankunanmu bai kamata su yi shiru a kansu ba. A yi tanadin da zai karɓi shaidar umda da maƙwabta ga wanda takardun kayansa suka salwanta. A kai ma'aikatan rajista har cikin kambo da ƙauyuka, da sharaɗi iri ɗaya ga kowa. A rubuta a fili cewa rashin kati ba dalilin tsare mutum ba ne fiye da lokacin da doka ta ƙayyade kafin a kai shi gaban alƙali. Sannan duk wata yarjejeniyar tsaro da maƙwabta, ko rundunar da za a ba aikin iyaka, a karanta ta a zaure kafin a sa hannu.

Kafin nan, shawararmu ga wanda ya yi asara ita ce ya je ofishin 'yan sanda mafi kusa ya buɗe ƙara ko da takardunsa ba su cika ba, ya karɓi lambar ƙarar ya adana, domin duk wata biyan diyya ko mayar da kaya da za a yi nan gaba daga wannan lamba za a fara. Shugabannin unguwanni kuma su taimaka wajen rubuta sunayen matasan da ba su da lambar ƙasa, a kai su rajista a ƙungiyance. Allah Ya mayar wa kowa da alheri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.