Kalamin na kwantar da ƙaiƙayi, amma ba ya maganin ƙyanda

Da zarar zafin bazara ya kankama, daga Maris zuwa Mayu, sai a riƙa cin karo da yara a lungunan Kano da Katsina an shafe su da wani abu ruwan hoda tun daga goshi har ƙafa, ya bushe ya yi musu fari fat. Kalamin ke nan. Ana samunsa a kowane kemis ba tare da takardar likita ba, ga araha, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin muhimman magunguna.

Haɗinsa ba shi da wuya. Garin sinadarin zinki ne a cikin ruwa, da ɗan burbushin sinadarin ƙarfe da ke ba shi launi. Idan aka shafa, ruwan yana bin iska ya tafi da zafin fata, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, garin kuma ya tsotse laima. Shi ya sa yake kwantar da ƙaiƙayin ƙarambau da ƙurajen zafi da cizon ƙwari.

Garin yakan kwanta a gindin kwalba, don haka sai an girgiza ta sosai. A wanke wurin, a bari ya bushe, a ɗiga maganin a auduga a riƙa dangwalawa, kada a goga da ƙarfi. Ba a kai shi kusa da ido ko baki ko cikin hanci ko al'aura, ba a sa shi a gyambo ko ƙurjin da ya fashe yana ruwa. Ba a sha ko kaɗan, saboda haka a ɗora kwalbar inda hannun yaro ba zai kai ba. Kafin a biya kuɗi, a duba lambar NAFDAC da ranar da zai lalace. Jariri kuwa, sai an tambayi ma'aikacin lafiya. A lokacin hunturu, mai busasshiyar fata ya yi hattara, domin kalamin na ƙara busar da ita, ƙaiƙayin ya dawo fiye da da.

Babbar matsalar ita ce ɗora masa aikin da ba nasa ba. Ƙazuwa ƙwaro ne ke haƙa cikin fata, kalamin ba ya kashe shi. Makero ma, kalamin ba ya maganinsa. Mai ƙarambau zai ji sauƙin susa, amma idan zazzaɓi ya zo, farasitamol ake ba shi, ba asfirin ba. Asfirin na iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwar yaron da ke fama da wannan cuta.

Ƙyanda ce ta fi tayar da hankali. Uwa ta ga ƙuraje, ta shafe ɗanta, ta zauna jiran su bushe, alhali cutar na cin huhu da idanu, ga gudawa. Sau da yawa ma busasshen garin yakan rufe ƙurajen har ma'aikacin asibiti ya kasa ganin kamanninsu, don haka gara a wanke yaron kafin a kai shi. Zazzaɓi mai zafi da tari da jan ido tare da ƙuraje na bukatar asibiti a ranar, inda ake ba yaro sinadarin bitamin A kwana biyu a jere. Ko ƙurajen zafi ne, idan suka yi mako guda ba sauƙi, ko suka fara ɗurar ruwa, a ajiye kwalbar a nemi likita. Rigakafin ƙyanda kyauta ne a asibitocin gwamnati a Najeriya, ana yin na farko a wata 9, na biyu a wata 15.