Yadda A Ke Yanka Fi'ilin Italiyanci Gaɓa-Gaɓa

Jama'a, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban 'yan aji ɗaya ya san karatu daga gaɓa ya ke farawa. To, bari mu leƙa Italiya mu ga yadda su ke yanka nasu fi'ilin, watau kalmar aikatawa.

Fi'ilinsu gida 3 ne, da wutsiya a ke gane kowane: parlare, yin magana, credere, gaskatawa, dormire, yin barci. In ka cire wutsiya saura gindi, watau parl-, sai ka liƙa wata: parlo, ina magana; parli, kana magana; parliamo, muna magana. Mu a gaban fi'ili mu ke ajiye "ina" da "muna". Su kuwa wutsiya ce ke faɗin mai aikin, don haka sau da yawa ba su damuwa da ambatonsa.

Amma a lura, iyakar gindi dabam, iyakar gaɓa dabam. Gindi parl- ne, amma baki par-lo ya ke faɗi, l ta ƙaura ta bi wasalin da ke biye da ita. Nan ɗalibi ya kan ruɗe in kalma ta iske ƙarshen layi.

Baƙi mai ruɓi biyu kuwa, a nan Bahaushe ya fi Bature na Ingila sa'a. Raba shi su ke yi, ɗaya nan ɗaya can: fat-to, leg-go, daidai da bab-ba. Ba kuwa ado ba ne. Parleremo, za mu yi magana. Parleremmo, da mun yi magana. M guda ce tsakanin alkawari da uzuri! Kunnen da ya rarrabe "mana" da "manna" ba zai sha wuya ba.

Inda za mu yi gumi shi ne s in wani baƙi ya bi ta. Ba a raba su a rubutu: re-sta-re, fi-ni-sco. Harshenmu ba ya fara gaɓa da baƙi biyu, shi ya sa mu ka cusa wasali mu ka ce burodi. Sai a tsare baki kada restare ta zama "resitare".

Sa'an nan ga nauyin murya. Parlo, nauyi a farko, ni ke magana. Parlò, nauyi a ƙarshe da 'yar alama bisa o, wani ne ya yi magana tuni.