Doki a Turke, Ɗan Ƙwallo a Benci

Duk wanda ya taɓa kiwon doki a Sanyinna ko Tambuwal ya san wannan: in ka ɗaure ingarma a turke wata uku, kana ba shi dawa da harawa da kanwa, zai yi ƙiba, gashinsa ya yi sheƙi. Amma ran da aka fita sukuwa, tun bai yi nisa ba sai haki. To, haka al'amarin yake ga masu cin abinci da wasan tamaula.

Ku dubi Ahmed Musa, wanda ya yi suna a Kano Pillars. A shekarar 2016 ƙungiyar Lesta ta Ingila ta saye shi daga CSKA ta birnin Mosko da kuɗi masu yawa. Albashi na zuwa, ana motsa jiki kullum, amma da shekara ta zagayo sai ya zama ran wasa ba a sa shi.

Wani zai ce, ai tun da yana gudu a wurin horo, me ya rage? Da yawa. Wasa minti 90 ne, mutum yakan ci wajen kilomita 10 a ciki, ba kuwa gudu ɗaya miƙaƙƙe ba: a zabura, a tsaya cak, a juya, a yi karo, a sake zabura tun numfashi bai dawo ba. Abokinka na gida yana tausaya wa ƙafarka. Abokin gāba ba ruwansa. Wanda ya daɗe a zaune, numfashinsa yakan gajarta, idonsa ya yi nauyi wajen karanta ƙwallo, sa'an nan in an jefa shi fili farat ɗaya, tsokar cinya ke fara tsinkewa. Mai horarwa kuwa ya ga haka, sai ya ƙara zaunar da shi. Nan ne mugun abin yake.

Musa bai tsaya jira ba. A watan Janairu 2018 ya koma CSKA aro, ya shiga wasa sosai. Ran 22 ga Yuni, a gasar cin kofin duniya a Rasha, shi ya ci wa Nijeriya ƙwallo biyu a ragar Aisilan.

Da ya rabu da Al Nassr ta Saudiyya a Oktoba 2020, ya yi watanni ba ƙungiya, alhali shi ne kyaftin na ƙasa. A Afrilu 2021 sai ya sauko Kano Pillars, bai ce ya fi ƙarfin wasan gida ba. A Yuli na shekarar nan wata ƙungiya ta Turkiyya ta ɗauke shi.