Majiya Ƙarfi a Sudan da Nijeriya: Yadda Ake Kwatanta Su

Masana ƙidayar jama'a sukan kasa mutanen ƙasa kashi uku: yara 'yan ƙasa da shekara 15, da 'yan shekara 15 zuwa 64, da tsofaffi daga 65 zuwa sama. Kashi na tsakiya shi ne waɗanda shekarunsu suka kai na aiki. A Hausa ana iya kiransu majiya ƙarfi, ko da yake kalmar ba ta dace ɗari bisa ɗari ba, domin ƙidaya shekaru take duba, ba ta tambayar ƙarfin jiki. Gurgu ɗan shekara 30 yana ciki, yaro ɗan shekara 12 mai tallar ruwa a kasuwar Omdurman ba ya ciki.

Idan aka dubi yawan jama'a, tazarar ƙasashen biyu babba ce. Ƙidayar farko ta Sudan, a 1955 zuwa 1956, ta sami mutum miliyan 10 da 'yan kai, ta Nijeriya ta 1963 kuwa miliyan 55.6. A 2006 Nijeriya ta ƙirga miliyan 140, a 2008 Sudan ta ƙirga miliyan 39. Amma a wajen kason majiya ƙarfi kusan ɗaya suke. Tun daga 1960 kason yana kai da kawowa ne kaɗan bisa rabin jama'a a kowaccensu, saboda haihuwa tana da yawa, yara kuma sun fi kashi 40 cikin 100. Koriya ta Kudu ma a nan take a 1960, amma da haihuwa ta ragu, kafin 2015 ta haura kashi 70. Ma'anar wannan a gida ita ce, idan majiya ƙarfi 54 ne cikin 100, to, kowane ɗari daga cikinsu yana ɗauke da nauyin mutum 85.

Inda wahalar kwatancin take shi ne Sudan ta 2008 ba ita ce ta yau ba. Ranar 9 ga Yuli 2011 Kudu ta ɓalle, alhali ƙidayar 2008 ta sa mata mutum fiye da miliyan 8. Ɗalibin da ya jera alƙaluman kafin 2011 da na bayanta ba tare da lura ba zai ga kamar annoba ce ta kwashe mutane. Nijeriya ma tana da tata matsalar: an soke ƙidayar 1973 saboda gardama.

Sannan ga ƙaura, wadda galibi majiya ƙarfi ne ke yinta. Hausawa da Fulani da suka gangara gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, da mahajjatan ƙafa da guzuri ya ƙare musu a hanya, su ne da yawa daga cikin masu tsinkar auduga a gonakin Jazira bayan an gama dam ɗin Sennar a 1925. Daga shekarun 1970 kuma Sudan ta riƙa rasa malamai da likitoci zuwa Saudiyya da maƙwabtanta.

Khartum da Omdurman da Bahri sun daɗe suna jawo samari masu neman aiki, har Jihar Khartum ta haura mutum miliyan 5 a 2008. Yaƙin da ya ɓarke a can ranar 15 ga Afrilu 2023 ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu a faɗin ƙasar. Alƙaluman Sudan na bayan 2008 duk hasashe ne aka gina a kan waccan ƙidaya, haka ma na Nijeriya bayan 2006.