Lambar Yaƙi a Matsayin Madogarar Tarihi: Hanyar Bin Sawun Mazan Jiya a Ƙasar Gumel

Gabatarwa

A garuruwan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, lambobin da sojojin mulkin mallaka suka dawo da su suna cikin kayan gado da ba a cika ba su muhimmanci ba. Masu su sun ƙare, magada kuma sau da yawa ba su san abin da kowace lamba take nufi ba. Wannan maƙala ta yi bayanin ire-iren lambobin da yadda manazarci zai bi su ya kai ga tarihin mai su. Hujjarta ita ce, darajar lamba a wajen bincike tana tattare da sunan da ke tare da ita. Idan aka raba su, ƙarfe ne kawai ya rage.

Ire-iren Lambobi

Ingila ta kafa rundunar kan iyaka ta Afirka ta Yamma a 1897 ƙarƙashin Lugga, kuma Hausa ce ta daɗe tana zama harshen umarni a bataliyoyinta na Nijeriya. Lambobin da sojojinta suka samu sun kasu gida uku.

Na farko shi ne lambar azurfa mai suna Africa General Service, wadda aka ƙirƙiro a 1902. Ana maƙala wa ƙyallenta ɗan ƙarfe mai ɗauke da wuri da shekara. Wanda aka rubuta "N. Nigeria 1903" yana nuni ga shekarar da aka ci Kano a watan Fabrairu da Sakkwato a watan Maris, na 1906 kuwa shekarar Satiru ce. Wannan lamba shaida ce daga ɓangaren waɗanda suka ci ƙasar da yaƙi, don haka dole a karanta ta da wannan fahimta.

Na biyu su ne lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda sojojin Nijeriya suka yi yaƙi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sannan a Afirka ta Gabas. Waɗannan, kamar ta farkon, an buga musu lambar soja da muƙami da suna da runduna a gefe ko a baya.

Na uku su ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Akwai Tauraron Afirka na yaƙin Somaliya da Habasha, da Tauraron Bama mai tsini shida, wanda aka bai wa waɗanda suka yi aiki a fagen Bama tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945, ciki har da Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma. Matsalar ita ce, Ingila ta raba lambobin wannan yaƙi ba tare da buga suna ba. Tauraron Bama shi kaɗai ba ya faɗin ko na wane ne.

Matakan Bincike

Mataki na farko yana cikin gida. Ana ɗaukar hoton lamba gaba da baya da gefe, a kwafe rubutunta harafi da harafi, kuma ba a goge ta da toka ko yashi, domin hakan na cinye rubutun. Sai a nemi takardar sallama da littafin albashi da takardun fansho. Ga sojan Bama, waɗannan sun fi lambar kanta amfani.

Mataki na biyu shi ne riƙe lambar soja a matsayin mabuɗi. Magatakardan soja sukan rubuta mutum da sunan garinsa, a sami Musa Kano ko Audu Gumel fiye da ɗaya, ga kuma rubutun suna da yakan sauya daga takarda zuwa takarda. Sunan gari ma ba hujja ba ce ta asali, domin yana iya zama wurin da aka ɗauki mutum aiki.

Mataki na uku shi ne taskokin tarihi. A taskar Ingila da ke Kew, jerin WO 100 yana ɗauke da rajistar lambobin yaƙe-yaƙen farko, WO 372 kuwa katunan lambobin Yaƙin Ɗaya. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth tana da sunayen mamata a intanet, sai dai rahotonta na 2021 ya amsa cewa dubban 'yan Afirka da suka mutu a Yaƙin Ɗaya ba a rubuta sunayensu ba. Rashin suna a can bai kore cewa mutum ya yi aiki ba. A gida, tun da Gumel tana cikin Lardin Kano a lokacin, fayilolin lardin a Taskar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna su ne wurin farawa.

Mataki na huɗu shi ne hira da iyali da sa'o'i, a gwada abin da aka ji da abin da takarda ta nuna.

Batun Kan Iyaka

Maigatari tana bakin iyaka da Jihar Damagaram, dangi kuma suna warwatse a ɓangarorin biyu. Saboda haka lambar da aka samu a gida ɗaya tana iya zama ta Faransa, takardunta kuwa a taskokin Faransa suke. Tarihin Chari Maigumeri ya nuna yadda soja ɗaya yake ratsa tuta biyu: ya fara aiki da Jamus a Kamaru, daga baya ya shiga rundunar Nijeriya, ya je Habasha da Bama, har aka sa wa barikin Lakwaja sunansa.

Kammalawa

Masu tara lambobi a Turai suna sayen irin waɗannan kaya, kuma da zarar lamba marar suna ta bar gidan mai ita, babu hanyar mayar da ita ga tarihinsa. Abin da ya kamaci manazarta Hausa shi ne su rubuta bayanin lamba da takarda da labarin baka a wuri ɗaya tun magada na kusa suna raye. Barikokin Dalet da Kalapanzin a Kaduna sun adana sunayen wuraren da aka gwabza a Bama. Sunayen waɗanda suka je can daga ƙasar Gumel kuwa suna jiran mai tattara su.