Rabi Da Sulusi, Nawa Ke Nan?

 A wannan makon mun kawo muku wani kuskure da ke cinye mana maki a jarrabawar lissafi. Mun kuma gano cewa ba maki kaɗai yake ci ba, har haƙƙin mutane yana iya ci.

A gwajin da ya wuce an ce mu tara 1/2 da 1/3. Da yawanmu sai muka haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, muka rubuta 2/5. Malam ya ja mana jan biro. To ina matsalar take?

Mu ɗauki sandar rake irin ta Makarfi mai gaɓa shida. Rabinta gaɓa uku ne. Sulusinta, wato kashi ɗaya cikin uku, gaɓa biyu ne. Uku da biyu biyar, saboda haka amsa ita ce 5/6. Ita kuwa 2/5 ko rabi ba ta kai ba. Ta yaya za a ba mutum rabin rake, a ƙara masa, sannan abin hannunsa ya ragu?

Ga dokar. Lambar ƙasa tana faɗa mana gida nawa aka raba abu, ta sama kuma tana faɗin nawa muka ɗauka. Ba a tarawa ko ɗebewa sai lambobin ƙasa sun zama iri ɗaya. Sai mu nemo mafi ƙanƙantar lamba da dukansu za su raba ba saura, wadda muke kira LCM a aji. Ga 2 da 3, lambar ita ce 6. Rabi ya koma 3/6, sulusi ya koma 2/6. Sai mu tara na sama kawai, mu bar na ƙasa yadda yake. Haka ma ɗebewa: 3/6 a cire 2/6 saura 1/6.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne a wurinmu. Ayoyi na 11, 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun kawo kason magada: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi, wato 1/2, 1/4, 1/8, 2/3, 1/3 da 1/6. Shi ma Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, ya ware babban sashe na littafin don lissafin wasiyya da gado.

Ga misali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, mahaifiyarsa da 'ya'ya maza, babu wani magajin. Bayan an biya bashi da wasiyya, saura naira 240,000. Matar tana da 1/8, mahaifiyar 1/6. Lambar da 8 da 6 za su raba ita ce 24. Kason matar ya zama 3/24, na mahaifiyar 4/24, jimla 7/24. Idan muka cire daga 24/24, 'ya'ya suna da 17/24. A kuɗi, matar naira 30,000, mahaifiyar 40,000, 'ya'ya 170,000.

Da mun bi tsohuwar hanyarmu, da mun ce 1/8 da 1/6 sun ba da 2/14. Wannan bai kai naira 35,000 ba, alhali haƙƙin su biyun 70,000 ne. An zalunci tsohuwa da mai takaba ke nan. Rabon gado aikin malamai ne, amma mun ga dalilin da ya sa ba sa wasa da lissafi.

Saura lambobi masu ɗigo, wato desimal. Su ma kashi ne, sai dai cikin goma, ɗari ko dubu. Kakanninmu sun yi amfani da fam da sule, inda sisi yake rabin sule, taro kuma rubu'insa. A ranar 1 ga Janairun 1973 Nijeriya ta koma naira, kowace naira kwabo 100. Shi ya sa 0.50 rabi ne, 0.25 kuma rubu'i.

Dokar a nan ita ce ɗigo a ƙarƙashin ɗigo. A ce mai noman tumatir na rani a nan Ikara yana da lita 4.5 na fetur, ya sayo ƙarin 2.75 don injin ban ruwa. Sai mu cike gurbi da sifiri, mu rubuta 4.50 a sama, 2.75 a ƙasa. Jimla lita 7.25. Wanda bai jera ɗigo ba zai iya samun 3.20, ƙasa da abin da manomin ya fara da shi. Idan injin ya sha lita 5.5, sai mu cire 5.50 daga 7.25, saura 1.75.

Shawararmu ita ce, kafin mu miƙa takarda mu tambayi kanmu: an tara, amma amsar ta fi abin da aka fara da shi kuwa?

Ga tambayar mako. Uwa ta auni mudu 3/4 na gero da safe, ta ƙara 2/3 da yamma, sannan ta ba maƙwabciya 1/2. Nawa ya rage mata? A rubuta amsa da suna da aji a ba sakataren kulob kafin ranar Juma'a. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a wannan allo.