Yadda cire "indomi" ke rikita ƙwaƙwalwar mota

A garejoji da dama na Ƙofar Ruwa a Kano ko Apo a Abuja, kafin bakanike ya ɗauki sifana, sai ya laluɓi wani soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ya jona na'urar sikanin. Tun 1996 Amurka ta wajabta wannan tsari na OBD-II, kuma daga can motocin gwanjo da yawa suke fitowa.

Wata lamba da ke yawan bayyana ita ce P0420. Ma'anarta, matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wadda ake kira indomi, ba ta aiki yadda ya kamata. Sau da yawa ma babu ita: ko an cire ta don ta toshe, ko an sace saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta.

Ƙwaƙwalwar tana ganewa ne ta hanyar kwatanta sensa biyu masu auna oksijin, ta gaban matatar da ta bayanta. Goge lambar ba magani ba ne. Bayan 'yan tafiye-tafiye fitilar gargaɗi za ta dawo.

Shi ya sa wasu ke sake rubuta manhajar, ta daina sauraron sensar baya. Fitila za ta mutu, amma hayaƙi mai guba na nan yana fita.

Aikin ma da kasada. Idan batir ya yi sanyi ana tsaka da rubutun, ko aka loda fayil ɗin wata mota, injin na iya ƙin tashi sam. Sabuwar ƙwaƙwalwa kuma, a motoci da yawa, sai an haɗa ta da makulli. Gwanaye kan jona caja, su adana kwafin manhajar asali kafin su taɓa komai.